Digiri, Babbar Difiloma ko NCE: Wacce Ta Fi Kai Mutum Nesa a Aikin Gwamnati?

Yaro ya gama sakandare, ya samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, burinsa aikin gwamnati. Kafin a cike fom ɗin JAMB, ya kamata shi da iyayensa su san cewa takardar da mutum ya shiga aiki da ita ce ke yanke masa matakin da zai fara, sau da yawa har da inda zai tsaya.

Mai digiri yana farawa daga mataki na 8, a layin da ke kaiwa ga darakta, wato mataki na 17. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, daga mataki na 7 zuwa na 14 sai an yi aƙalla shekara 3 kafin kowane ƙarin girma, daga na 15 kuma shekara 4. Babu mataki na 11, daga 10 sai 12. In ka lissafa, shekara 26 ke nan daga 8 zuwa 17, shi ma in akwai gurbi kuma ka ci kowace jarrabawar ƙarin girma a zama ɗaya. Ritaya kuwa shekara 60 da haihuwa ce, ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga. Wanda ya shiga yana da 26 yana da sarari. Wanda ya shiga yana da 36 zai ajiye aiki kujerar darakta tana gabansa. Shi ya sa shekarun da yaro ke ɓatawa yana jiran gurbin likitanci, alhali ga wani kwas a hannu, suke ba ni takaici.

Babbar difiloma, HND, karatu ne mai nagarta. Duk wanda ya ga aikin ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a fannin safiyo ko akanta ba zai raina ta ba. Matsalarta a tsarin aiki take: an daɗe ana tsayar da masu ita a mataki na 14, sai sun ƙaro karatun gaba sun sauya layi. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. In nan za ka bi, ka shiga da niyyar ƙaro karatu tun kana da jini a jika.

NCE, takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, ita ce mutane suka fi rainawa, ni kuwa ina ganin ƙimarta, musamman ga ɗan talaka. Shekara 3 ce, ana fara aiki da ita a mataki na 7, ana kuma shiga jami'a da ita kai tsaye a aji biyu. Dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65, ko 40 a bakin aiki, sai dai ka bincika ko jiharku ta fara aiki da ita. Koyarwa ma ba ta taɓa rufe wa kowa ƙofa ba: Tafawa Ɓalewa, Sardauna, Malam Aminu Kano da Shehu Shagari duk da alli suka fara.

Batun kwas fa? Nazarin gudanar da mulki yana da tarihi a Arewa. Cibiyar Kongo da ke Zariya ta horar da ma'aikatan En'e tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Amma yau masu wannan takarda sun yi yawa. Akanta, ƙididdiga, lauya, injiniya da ma'aikacin lafiya kowa yana da layinsa, masu neman gurbin ba su kai haka cunkoso ba.

Kafin a biya kuɗin makaranta, a tabbatar hukumar da abin ya shafa ta amince da kwas ɗin kansa, ba makarantar kawai ba: NUC ga jami'a, NBTE ga foliteknik, NCCE ga kwalejin ilimi. A tambaya ko ana tura ɗalibansa bautar ƙasa, domin masu karatun wucin gadi, wato part-time, takardar keɓewa daga bautar ƙasar ake ba su. Digirin tsallaken iyaka mai saurin kammalawa kuwa a yi hattara da shi: a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin 'yan makonni.