Idan ka riga ka san makin yiwuwa: grf ko teffects?

Ɗan'uwa, tunda ka ce ƙuri'a kuka jefa wajen zaɓar waɗanda suka shiga shirin, kuma kana tambayar wanne za ka auna tasirin shirin da shi tsakanin grf na R da teffects na Stata (R da Stata manhajojin nazarin alƙaluma ne, grf da teffects kuma kayan aiki ne a cikinsu), to ka ɗauki grf. Dalili shi ne ka riga ka san makin yiwuwa (propensity score), wato yiwuwar da kowane mutum yake da ita ta shiga shirin.

Na taɓa yin aiki irin naka. A rukuni ɗaya mutum 1 cikin 4 muke ɗauka, a ɗayan kuma rabi. Da farko na bar causal_forest, umarnin grf da ke wannan aikin, ya ƙiyasta makin da kansa, sai na ga yana ba mutanen rukuni ɗaya maki daban-daban, alhali ni na jefa ƙuri'ar da hannuna. Kwana biyu ina ta kame-kame. Ashe a cikinsa akwai gurbin W.hat, inda ake saka makin: ka zuba masa 0.25 da 0.5 ɗinka, kowa da nasa, shi ke nan. Idan ma kowa rabi ne, lamba ɗaya tak za ka rubuta. Tun ranar ban sake waiwayen wani ba, ga shi kuma yana nuna maka waɗanda shirin ya fi yi wa tasiri.

Shi kuwa teffects, ba laifi, yana aikinsa, amma sai ya ƙiyasta makin da kansa, ba ya karɓar naka. In dole sai Stata, ka lissafa nauyin da za a ba kowane mutum da hannu, 1/p ga wanda ya shiga, 1/(1-p) ga wanda bai shiga ba (p shi ne makin), ko ka koma psmatch2, wani umarnin da ake ƙara wa Stata, mai gurbin pscore da ke karɓar makinka.

Wani zai kawo maka binciken Hirano da Imbens da Ridder na 2003, cewa auna nauyi da makin da aka ƙiyasta ya kan fi na ainihi rage kuskure. Gaskiya ne, domin ƙiyasin yana gyara ɗan rashin daidaiton da ƙuri'a ta bari. Amma grf yana haɗawa da hasashen sakamako, wanda ke yin kusan wannan gyaran. Abin lura dai, idan aka ce maki "sananne" ne, ana nufin daga tsarin ƙuri'ar ya fito. Makin da wani ya ƙiyasto ya miƙo maka ba ya cikin wannan sahu.

  R kyauta ne, grf ma haka, a CRAN, ma'ajiyar kayan R ta intanet, za ka sauke shi.