Hattara da mai sayar da tabarau "mai taɓa hoto" a Yamai

Jaka 85 mutumin nan ya karɓa a hannuna. Jaka 85 na sefa, kan tabarau da safar hannu da ya ce in ka kai yatsa ga hoton da ke shawagi gabanka za ka ji shi a fata.

Kada wani ya ce mini ban san aikin ba, da gyaran salula nake ci. Fasahar gaskiya ce. Kamfanin Ultraleap na Ingila ya yi ta da sautin da kunne ba ya ji, kilohaz 40, daga jerin ƙananan lasifika da ke tara ƙarfinsu wuri guda bisa tafin hannu. Wasu kuma da safa mai motocin girgiza, wato ƙananan injuna irin masu sa salula girgiza, suke yi. Amma dole kyamara ta bi yatsa, manhaja ta gane ya kai ga hoton, sannan ta tada motar wannan yatsan kaɗai, nan take. In an samu jinkiri, ƙwaƙwalwa ba ta yarda.

Na farke safar. Motoci biyar ne irin na tsohuwar salula, batir mai bolt 3.7, da guntun NE555, ɗan abin ƙirga lokaci, da ke kunna su duka lokaci guda bayan kowane ƴan daƙiƙu. Babu Bluetooth, babu abin gane motsi, babu ko DRV2605 mai sarrafa girgiza. Ka taɓa ko kar ka taɓa, girgiza take. Tabaran kuwa akwatin roba ne da ake cusa salula ciki, irin Google Cardboard.

Jaka 50 na fara ba shi kafin alƙalami, tun kafin gwajin ma, 35 daga baya, ranar da ya riƙe mini wuyan hannu yana cewa: "Malam, dakata... to, miƙa yanzu!" Na miƙa, na ji. Ashe daƙiƙu yake ƙirgawa. Wannan "yanzu" ɗin ita ke hana ni barci, shi ya riƙe hannun, shi ya zaɓi lokacin, wa zai gane? Lambarsa a kashe take. Jaka 85!

Hotunan hirarmu ta WhatsApp da na cikin safar suna nan tafe, da takardar aika kuɗin.

In ya zo muku, ku cire tabaran ku bar safar a hannu. In ta ci gaba da girgiza, ku kira ƴan sanda.