Masu kare da ke neman gidan haya a gefen Sakkwato, ku yi hattara

Jama'a, akwai wani da ke kiran kansa ejan gidaje, yana tallata fulat a Facebook da zaurukan WhatsApp. Yau gidan yana Wamakko, gobe Dange, jibi kan hanyar Bodinga kusa da filin jirgi. Hotunan masu ɗaukar ido ne: tayil, katanga da waya a samanta, tankin ruwa, get na ƙarfe. A ƙasan kowane talla sai ya ƙara layi ɗaya, wai mai gida ya yarda da kare.

Mutumin ya san inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Duk mai kare a garin nan ya sha wuyar neman haya. Ko da karen gadi ne, wanda malamai ba su hana ajiyewa ba, kana ambatonsa fuskar mai gida za ta canza, balle gidan da ake haɗa tsakar gida da famfo ɗaya, inda maganar najasa ke tasowa tun kafin a sauke kaya. Shi ya sa ya fi farautar baƙi: wanda aka yi wa canjin wurin aiki daga wata jiha, sabon malami a jami'ar Ɗanfodiyo, ma'aikacin siminti a Kalambaina. Waɗannan ba su san unguwa ba, kuma sun gaji da jin "a'a".

Yakan fara da ɗan kuɗin dubawa, ta taransifa. Shi kullum ba ya gari, sai ya turo yaro a kan kabu-kabu ya nuna maka gidan daga waje, makulli wai yana hannun mai gida da ya tafi Umara. Daga nan sai ya nemi ka turo hoton katin rigakafin haukan kare, ya tambayi ko karen yana haushi da dare, ya ce zai lallashi Alhaji. Wannan ne wurin da mutane ke sakin jiki, don tambayoyin sun yi kama da na mai gaskiya. Bayan kwana ɗaya sai albishir: Alhaji ya amince, amma a biya hayar shekara da la'ada, da wani abu da ya laƙaba wa suna kuɗin ajiyar kare, kuma a biya yau don wani na jira da kuɗi a hannu. Sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, ba na mai gidan ba ne. Rasit kuwa hoto ne kawai a WhatsApp.

Wani abokin aikina har ya ɗauko mota da kaya, karen a baya. Mai gadin ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce masa wanga gida ba na haya ba ne, mai shi na ciki da iyalinai. Lambar ejan tuni a kashe.

Dillalin ƙwarai bayan an ƙulla ciniki yake karɓar la'adarsa, galibi kashi 10 cikin 100, kuma da ƙafarsa zai kai ka gaban mai gida. Ka shiga ɗakunan da kanka, ka tambayi maƙwabta da mai unguwa wa ke da gidan. Zancen kare kuma daga bakin mai gida za ka ji shi, a sa shi cikin takardar yarjejeniya gaban shaidu, don ejan ba shi da ikon ba da wannan izini.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa a ranar, ya adana hotunan hirar da shaidar taransifa, ya kai ƙara ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na Sakkwato. Damfara ce irin ta 419, dokar yaƙi da damfara ta 2006 ta tanadi ɗauri a kanta. Na san wasu na yin shiru don gudun a ce a kan kare aka cuce su. To, da wannan shirun yake samun damar sauya layin waya ya sake ɗora hotunan nan da sunan wata unguwar.