Beach Boys: Surfin' U.S.A. ko Pet Sounds?

Shekara uku ce kawai tsakanin waɗannan fayafayai biyu na ƙungiyar Beach Boys ta Kalifoniya, amma wanda ya saurare su a jere zai rantse ba bakin mutane ɗaya suka fito ba.

Surfin' U.S.A. na 1963 kiɗan samari ne: jita, bakin teku, hawan igiyar ruwa. Cikin waƙoƙi 12, biyar kiɗa ne zalla babu murya, kuma karin babbar waƙar ma daga mawaƙin Amurka Chuck Berry aka aro shi. Faifan ya kai matsayi na 2 a jerin fayafayan da suka fi kasuwa a Amurka. Abin dariya, Dennis Wilson ne kaɗai cikinsu ya iya hawan igiyar ruwan da suke ta yi wa waƙa.

Pet Sounds na Mayun 1966 shi ne inda aikin yake. Brian Wilson, mai tsara wa ƙungiyar waƙoƙi, ya daina fita yawon wasa tun ƙarshen 1964, ya tare a sutudiyo da ƙwararrun makaɗan Los Angeles, Tony Asher na taya shi rubuta baitoci. Ya cusa goge, ƙaho, ƙararrawar keke, har haushin karnukansa da ƙarar jirgin ƙasa. Maganar hawan igiyar ruwa ta kau, sai kaɗaici da fargabar girma. Kamfanin Capitol mai fitar musu da fayafayai bai yi murna ba; a na 10 faifan ya tsaya a Amurka, Ingila kuwa ta kai shi na 2.

Ni dai na biyun nake miƙa wa sabon mai saurare, sai dai in biki zai yi.