Fulawar hibiskus ta yi, amma wanda ya sayar min da ita bai kyauta ba

Duk mai niyyar sayen fulawar hibiskus a wajen masu lambun bakin titi, kafin ya miƙa kuɗi ya sa a karkata masa tukunyar ya leƙa gindinta. Tawa a nan Kaduna na saye ta, wajajen ƙarshen damina, an riga an dasa ta cikin tukunyar siminti mai fenti. Ganye kore shar, ga furanni sun ƙulla suna shirin buɗewa. Mai ruwan ɗorawa na ce ina so. Mai lambun ya ce, "Hajiya, ai ita ce wannan, ƙasar ma da hannuna na haɗa ta." Kuɗin shuka daban, na tukunya daban, na ƙasa daban, duk na biya ba tare da dogon ciniki ba.

Ba a je ko'ina ba furannin suka fara zuba tun ba su buɗe ba. Ganyen ƙasa ya koma rawaya, na sama ya yi yaushi, alhali ƙasar jiƙe take sharkaf. Abin ya dame ni ƙwarai, don shukar da ke cikin ruwa ba ta da dalilin yin yaushi. Da na sa yara suka kwantar da tukunyar, sai ga gindinta a shafe, babu huda ko ɗaya. Muka zare shukar. Baƙar ƙasar da ya yi min alfahari da ita ba ta wuce kaurin yatsu biyu a sama ba, sauran duk laka ce mai danƙo, tana wari. Saiwar da ya kamata a gan ta fara ta zama ruwan ƙasa, kana taɓawa tana saluɓewa. Wallahi raina ya ɓaci. Hibiskus tana shan ruwa sosai, amma in ruwan ya kwanta a gindinta saiwar ba ta samun iska, sai ta ruɓe, shi ya sa ganye ke yaushi ko da tukunyar cike take. Duk mai sana'ar fulawa ya san haka.

Na yanke ruɓaɓɓun saiwoyin da almakashi, na samo tukunyar ƙasa a wajen masu ginin tukwane na sa aka huda ta, na haɗa yashi da ƙasar lambu da takin awaki wanda ya daɗe ya bushe. Na ajiye ta inda hantsi ke dukanta har zuwa azahar. Ruwa kuwa sai na tsoma yatsa na ji saman ya bushe. Lokacin hunturu ta ɗan zubar da ganye, nakan wanke mata ƙura da safe. Takin zamani ɗan kaɗan nake barbaɗawa nesa da gindin, domin NPK 15-15-15 da ake samu a kasuwa sinadarin fosfaros ɗinsa ya yi mata yawa, ita fotashiyam ta fi buƙata. Na rage mata kan rassa, tunda a sabon toho take fure.

To, a nan dole in yaba. Shukar tana da rai mai ƙarfi, masha Allah. Da zafi ya shigo sai ta cika da toho, yanzu kusan kowace safiya akwai sabon fure da ya kai faɗin tafin hannu. Kowanne yini ɗaya ko biyu yake yi ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. Surukata da ta gan shi ta ce fasalinsa irin na furen kuɓewa da rama ne, kuma ta yi gaskiya, danginsu ɗaya da su, har da yakuwar da muke zoɓo da ita. Tsakar gidan da siminti ne zalla ya zama wurin zama da yamma.

Sai dai furen ja ne. Ja sak, irin wanda ke shingen kowace makaranta. Ban raina shi ba, ai irinsa ne Maleshiya ta ɗauka a matsayin furen ƙasa tun 1960, amma ba kuɗinsa na biya ba. Kuma ban gama da wannan ba sai ga fararen ƙwari kamar ɓurɓushin auduga a maƙwaɓar ganye, tururuwa na hawa da sauka saboda zaƙin da suke fitarwa. Kafin zuwan shukar nan gidana ban taɓa ganinsu ba. Sun tsallaka har kan barkonona. Da ruwan sabulu da na ganyen darbejiya na yi ta fesawa da yamma, ina goge masu taurin kai da tsumma, har yau ban saki jiki ba.

Na koma wajen mai lambun da hoton saiwar da na furen a waya. Ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi, "Hajiya, ruwa kika cika mata." Batun kala kuma ya ce yaronsa ne ya cakuɗa su. Wannan amsar ta fi asarar kuɗin yi min ciwo.

Shukar kam ina ba kowa shawarar ya ajiye ta. Amma a saye ta a cikin baƙar leda, da buɗaɗɗen fure a jikinta, a juya bayan ganyen a duba, tukunya da ƙasa kuma mutum ya haɗa nasa. Mai ruwan ɗorawar, maƙwabciyata ta yi min alkawarin reshe in damina ta sauka, zan kafa da kaina.