Bitar manhajar Filesystem: yadda take bayyana kayan aikinta ga wakilan AI

A watan Nuwamban 2024 ne kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'idar Model Context Protocol, wadda aka fi sani da MCP, domin ta zama hanya guda da ƙirƙirarriyar basira za ta riƙa bi wajen amfani da wasu manhajoji, kuma a watan Maris na 2025 kamfanin OpenAI ma ya rungume ta. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida, kowane kayan aiki, wato wani aiki guda da manhaja ke iya yi, yana zuwa da suna, da ɗan bayani a rubuce, da jerin abubuwan da za a ba shi a tsarin JSON, wani salon jera bayanai da kwamfuta ke karantawa. Wakilin, wato ƙirƙirarriyar basirar (AI) da ke yi wa mutum aiki da waɗannan kayan, ba ya leƙa cikin manhajar ya ga yadda aka gina ta. Abin da ya karanta a wannan bayani shi ne iyakar saninsa, tamkar ɗan aike da aka tura baƙuwar unguwa da kwatance a takarda, babu kuma wanda zai tambaya a hanya.

Da wannan ma'auni na auna Filesystem, ɗaya daga cikin manhajojin misali da aka fitar tare da ƙa'idar, wadda ke ba wakili damar karanta fayiloli da rubuta su a kwamfuta. Na buɗe ta a MCP Inspector, inda mutum ke ganin bayanin kowane kayan aiki kamar yadda wakilin zai gan shi, na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fi burge ni shi ne write_file. Bayaninsa bai tsaya kan cewa yana rubuta fayil ba, ya faɗa ƙarara cewa idan akwai wani fayil mai wannan suna zai shafe shi gaba ɗaya ba tare da gargaɗi ba, saboda haka a yi hattara. Wannan jimla guda tana da nauyi, domin ita ce ke sa wakili mai lura ya koma ga edit_file idan gyaran layi biyu kawai ake so. Shi kuwa edit_file yana nuna abin da aka cire da abin da aka ƙara, kuma yana da zaɓin gwaji da ke nuna sakamakon kafin a taɓa komai. Haka ma move_file ya bayyana cewa ba zai yi aiki ba idan akwai wani abu a inda ake son kai fayil ɗin. Kusan kowane bayani yana tunatar da cewa aikin bai wuce foldojin da aka ba da izini ba, har ma an ware list_allowed_directories domin wakilin ya san iyakarsa tun kafin ya fara.

Na san darajar irin wannan rubutu ne bayan na sha wahala da wata manhaja ta daban, wadda kayan aikinta biyu ke ɗauke da bayani kusan iri ɗaya, kowanne yana cewa yana ɗauko bayanai, ba tare da an faɗi wane iri ba ko a wane tsari ake rubuta kwanan wata. Ina zaune ina kallo wakilin ya kira na farko, ya samu kuskure, ya juya rana da wata, ya sake kira, sannan ya koma na biyu. Laifin ba nasa ba ne. Kwatancen ne bai kai shi ko'ina ba.

Inda Filesystem ta ɗan gaza a ganina shi ne search_files. Yana neman fayiloli ne ta sunayensu, ba ya duba abin da ke cikinsu, amma sunansa kaɗai na iya sa a zaci yana binciken rubutu. Da na so a ce an rubuta a fili abin da ba ya yi, a kuma nuna abin da za a koma gare shi, domin wakilin da ya nemi wata kalma bai samu komai ba yana iya gaya wa mai amfani da shi cewa babu ita, alhali tana nan cikin fayil.

Akwai kuma batun amana. A watan Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs suka nuna cewa ana iya ɓoye mugun umarni a cikin bayanin kayan aiki, wakilin ya karanta ya bi, mai kwamfutar kuwa bai taɓa ganinsa ba. Bayanan Filesystem gajeru ne, a buɗe suke ga kowa a GitHub, shafin da masu rubuta manhajoji ke ajiye aikinsu, ana iya karance su a zama guda. Ga mai son haɗa wakili da fayilolinsa, ina ba da shawarar wannan manhaja, da sharaɗin ya ba ta folda guda kawai a farko. Mai rubuta tasa manhajar kuwa, ya fara karanta bayanin write_file kafin ya rubuta nasa.