Babban Kwas na Kwalejin Jaji: Me Manjo Yake Fita da Shi?

Kwalejin horar da manyan hafsoshi da ke Jaji, a ƙaramar hukumar Igabi kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, ta fara aiki a 1976 da taimakon sojojin Birtaniya, bisa tsarin kwalejin hafsoshinsu ta Camberley. Da sojan ƙasa aka soma, daga baya na sama da na ruwa suka shigo. Babban kwas ɗinta na masu muƙamin manjo ne da takwarorinsu, yana cin kusan shekara guda, kuma sojan ƙasa sai ya ci jarrabawar share fage kafin a kira shi. Wanda ya kammala yana ƙara haruffan psc, alamar ya ci kwas ɗin, a bayan sunansa.

Ƙarfin kwas ɗin yana cikin ƙananan rukunai. Ana raba ɗalibai kimanin goma-goma, kowane rukuni da malaminsa, galibi laftanar-kanar. A ba ka taswira da matsala: ka tantance aikin da aka ɗora maka, ka auna ƙasa, abokan gaba, lokaci da kayan aiki, ka fito da hanyoyi biyu ko uku, ka zaɓi ɗaya, ka rubuta umarnin da bataliya za ta bi ba tare da ruɗani ba. Sannan ka tashi ka kare shi gaban 'yan'uwanka. Nan ake gane wanda ya tura sojoji gaba ya manta da mai, ruwa da hanyar kwashe masu rauni. Wannan horo ya cancanci yabo, haka ma atisayen Haske Biyu, inda ake haɗa soja da 'yan sanda da sauran jami'an tsaro kan tsaron cikin gida.

Inda ake tuntuɓe shi ne amsar da malamai suka tanada a rubuce. Kowane darasi yana da tasa, kuma ɗalibin da ya samo ta wajen waɗanda suka gabace shi zai iya haddacewa ya ci maki, kansa kuwa bai motsa ba. Ɗan bindigar dajin Zamfara bai san wannan takarda ba. Ayyuka kuma suna zuwa a jere, barci ya yi ƙaranci, sai mutum ya fi damuwa da tsarin rubutu fiye da hujja.

Mai shirin zuwa ya gyara rubutunsa tun yana bariki, ya saba da karatun taswira da kwamfuta. Kada kuma ya zaci a nan zai koyi tsara manufofin tsaron ƙasa. Wannan sai ya kai kanar, a Kwalejin Tsaro ta Abuja da aka kafa a 1992.